Faɗakar da Ɗalibai a kan Littattafan Falaki na Mutanen Farko da Tarihinsu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya hore rana da wata, ya sanya dare da wuni suna maye wa juna. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, wannan 'yar risala ce da na rubuta a Watari ta ƙasar Kano domin 'yan'uwana masu neman ilmi. Dalilinta kuwa, wani almajiri ya zo mini da gafakar mahaifinsa bayan rasuwarsa. A cikinta akwai Ishmawi da Ishiriniya, da wasu warƙoƙi waɗanda gara ta ci gefensu, an zana musu gidaje da jan tawada, an rubuta sunayen taurari da watannin ajam. Magada suka rabu biyu. Wasu suka ce tsibbu ne, a ƙone. Ɗaya kuma ya ɗauki warƙa guda, ya ga an rubuta damina tana shiga ran 17 ga Mayu, ya dubi kalandar bango, ya gaya wa mutanen unguwa lokaci ya yi. Aka yi ruwa ɗaya, suka shuka gero, sa'an nan ruwa ya ɗauke, iri ya mutu a ƙasa. A wurinmu inda gonaki suke manne da juna, ba a barin saura, iri kuma sau da yawa na rance ne, kowa ya san zafin shuka biyu. To, duka ɓangarorin nan sun yi kuskure, asalin kuskurensu kuma ɗaya ne: ba su san tarihin abin da ke hannunsu ba.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah ya datar da mu da kai, littafin falaki ba a aiki da shi sai an tambaye shi abu 3: wa ya rubuta shi kuma daga wa ya ɗauko, a wane zamani, a wace ƙasa. Inda na kawo shekara biyu a jere, ta farko ta Hijira ce, ta biyu ta Miladiyya.

Fasali na farko, a kan rabuwar ilmin taurari

Ilmin taurari kashi biyu ne. Na farko shi ne hisabi, watau lissafin tafiyar rana da wata da taurari domin sanin lokutan salla da alƙibla da yanki na dare da shigowar yanayi. Alƙur'ani ya ambaci masaukan wata domin sanin adadin shekaru a Suratu Yunus, ya ambaci shiryuwa da taurari a Suratul An'am da Suratun Nahli. Na biyu shi ne tanjimi, watau da'awar sanin gaibu da arziki da tsiya daga taurari, wannan kuwa shari'a ta hana shi. Mai Risala, Ibnu Abi Zaid, ya halatta duban taurari gwargwadon sanin alƙibla da sassan dare, ya ce a bar abin da ya wuce haka. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa hadisin Zaidu ɗan Halid, na ruwan da aka yi da dare a Hudaibiyya, inda aka zargi mai jingina ruwa ga tauraro, aka yabi mai jingina shi ga falalar Allah. Saboda haka in ka ce Jabha ta shiga, kana nufin lokacin da Allah ya saba saukar da ruwa mai yawa ya zo, babu laifi. In kana nufin ita ce ta kawo ruwan, ka tuba.

Kada kuma tsoron na biyu ya sa ka ƙi na farko. Imamu Gazali, wanda ya rasu 505/1111, ya yi gargaɗi cewa mai musun lissafin kusufi da sunan kare addini yana cutar da addinin, domin wanda ya ga lissafin ya tabbata zai yi shakka a cikin maganar malamin. Mun ga haka da idonmu ran 29 ga Maris 2006, da rana ta yi kusufi har duhu ya rufe Gusau da Katsina da Maraɗi da hantsi. Masu hisabi sun faɗi ranar da sa'ar tun kafin ta zo, babu gaibu a ciki, tafiya ce da aka auna.

Fasali na biyu, a kan littattafan da suka ba da tarihin wannan ilmi

Kamar yadda hadisi yake da isnadi, haka falaki yake da silsila, malamai kuma sun rubuta ta. Ibnun Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza, ya tsara Fihrisit a 377/987, ya jera sunayen masu hisabi da littattafansu da waɗanda suka juya su zuwa Larabci. Alƙali Sa'id na Andalus ya rubuta Ɗabaƙatul Umam a 460/1068, ya ba da labarin al'ummun da suka kula da ilmi, kamar Hindu da Farisa da Kaldiyawa da Yunanawa da Larabawa. Bayansu Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rasu 646/1248, ya tara labaran masu hikima. Ibnu Haldun, wanda ya rasu 808/1406, ya yi bayanin falaki a Muƙaddima, ya ware fasali guda domin rushe tanjimi. A zamanin baya kuma wani Bature na Italiya mai suna Nallino ya karantar da tarihin falakin Larabawa da harshen Larabci a jami'ar Masar, aka buga darussan a Roma a 1911. Ɗalibin da ya iya Larabci zai iya karanta dukan waɗannan.

Ga taƙaitaccen abin da suka ƙunsa, tare da abin da aka gano bayansu. Mutanen Babila a ƙasar Iraƙi sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta fitowar taurari da kusufi a kan allunan yumɓu. Daga gare su aka gaji raba falaki buruji 12 da daraja 360, da lissafi da sittin sittin, shi ya sa sa'ar agogonka take da daƙiƙa 60. Yunanawa suka karɓa, suka ƙara masa handasa. Baɗlimus ya tattara shi a Iskandariyya wajen shekara 150 ta Miladiyya a littafin da Larabawa suke kira Majisɗi, maƙala 13, ya ƙidaya taurari 1022 a cikin surori 48.

A zamanin halifa Mansur aka kawo Bagadaza littafin hisabi na Hindu wanda aka sani da Sindhind, aka juya shi. Sa'an nan aka juya Majisɗi. Halifa Ma'amun, wanda ya rasu 218/833, ya sa aka gwada lissafin mutanen farko da ido da kayan awo, har ya aiki masana filin Sinjar suka auna tsawon daraja ɗaya ta ƙasa. Battani, wanda ya rasu 317/929, ya yi shekaru yana duba a Raƙƙa, ya sami tsawon shekara kwana 365 da sa'a 5 da daƙiƙa 46 da 'yan kai, bai rasa daidai ba sai da kamar daƙiƙa 2. Abdurrahman Sufi, wanda ya rasu 376/986, ya zana surorin taurari, ya haɗa sunayen Larabawa da na Yunanawa. Ibnul Haisam ya rubuta littafi a kan shakkunsa ga Baɗlimus. Ibnush Shaɗir, mai kula da lokutan salla a masallacin Banu Umayya na Dimashƙa, wanda ya rasu 777/1375, ya gyara tsarin tafiyar wata, masu bincike kuma suka gano a 1957 cewa tsarin nasa ya yi daidai da wanda Kofanikus ya buga a Turai a 1543. Kofanikus shi ne ya kafa hujja cewa ƙasa ce take kewaya rana, awon da aka yi bayansa ya tabbatar da haka.

Amma masaukan wata 28 da muke ji a bakin dattawa, asalinsu ilmin Larabawan ƙauye ne, wanda ake kira anwa'i. Ibnu Ƙutaiba, wanda ya rasu 276/889, yana cikin waɗanda suka rubuta shi.

Fa'ida. Ka lura, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya karɓi lissafin na gabansa ya rufe ido. Kowa ya girmama malaminsa, sa'an nan ya fita ya duba sama.

Fasali na uku, a kan yadda ilmin ya iso ƙasarmu

Ya iso ne ta hanyar da fiƙihun Malikiyya ya biyo, daga Magrib da Masar, a kayan fatake da alhazai. Kai da ka fara karatu da Ahalari, ka sani mai shi, Abdurrahman Al'ahdari na ƙasar Aljeriya, wanda ya rayu a ƙarni na 10 na Hijira, shi ne kuma mai waƙen Siraji a ilmin falaki. Wani littafin da ya yaɗu a ƙasashen Sudan shi ne Muƙni'i na Muhammadu ɗan Sa'id Almargiti, mutumin Sus a Maroko, wanda ya rasu 1089/1678. Waƙe ne a kan watannin ajam da masaukai da lokuta, ya taƙaita a cikinsa ilmin Abu Muƙri'i. Warƙoƙin almajirin nan bisa wannan tsari na Magrib suke.

Mutanenmu ma sun rubuta. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya yi hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1154/1741 a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, wanda shi kansa masanin falaki ne. Ɗan Shaihu Hasan, Abdurrahman mai tarihin Masar, ya rubuta labarinsa. Yana da Bahjatul Afaƙ a kan lissafin hatimi, masana lissafi na yau suna ambaton hanyoyinsa na cika gidajen. Yana da Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari, wannan kuwa ya ƙunshi abin da fasali na farko ya hana. Ka ba shi haƙƙinsa na gwaninta, ka ɗauki hisabi, ka bar saura.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu 1253/1837, ya haɗa abu biyu ɗin nan yadda ya kamata. Ya rubuta Tanbihu Ahlil Fuhum yana hana bin masu rufa ido da masu duba da taurari. Amma da Baturen Ingila Kilafatin, wanda ya kira kansa Abdullahi, ya zo Sakkwato a 1824 ya nuna masa kayan awo da taswirar sama, ya tarar Bello ya san buruji da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Da ya komo tafiya ta biyu ya kawo masa littafin Uƙlidis na handasa da Larabci, Bello ya gaya masa gidansu suna da shi, wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, gobara ta cinye. Malaman Hausa kuma sun mai da masaukai waƙa da ajami domin sauƙin hadda. Mai son sunayen marubutanmu da inda aka ajiye littattafansu ya nemi mujalladi na biyu na kundin da Hunwick ya tsara, wanda ya fito a 1995.

Fasali na huɗu, a kan tambayar zamani

Ga yadda warƙoƙin suke lissafi. Masaukai 28 ne, kowane yanayi yana da 7, kowane masauki kwana 13, sai Jabha mai 14, jimla 365. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Haƙ'a tana shiga ran 17 ga Mayu. Kaka tana farawa da Sarfa ran 17 ga Agusta, ɗari da Shaula ran 16 ga Nuwamba, bazara da Far'ul Muƙaddam ran 15 ga Fabrairu.

To, Mayun nan na ajam ne, watau tsohon lissafin Rumawa, wanda ya ɗauki shekara kwana 365 da sa'a 6 cif. Shekarar yanayi kuwa, wadda damina da rani suke bi da izinin Allah, kwana 365 ce da sa'a 5 da kusan daƙiƙa 49. Bambancin daƙiƙa 11 ne, yana zama kwana guda a kowace shekara 128. Da ya taru, Turawa suka yi gyara a 1582, suka tsallake kwana 10. Littattafan Magrib suka zauna a kan tsohon lissafi. A zamanin Margiti ratar kwana 10 ce, daga 1700 ta zama 11, daga 1800 ta zama 12, daga 1900 ta zama 13, haka za ta zauna har 2100. Saboda haka 17 ga Mayun warƙa shi ne 30 ga Mayun kalandar bango. Wancan magajin ya riga lokaci da masauki guda cur. Da lissafin bango, Haƙ'a 30 ga Mayu, Han'a 12 ga Yuni, Zira'a 25 ga Yuni, Nasara 8 ga Yuli, Ɗarfa 21 ga Yuli, Jabha 3 ga Agusta, Harsan 17 ga Agusta, Sarfa 30 ga Agusta.

Akwai kuma abu na biyu mafi ɓoyuwa. Taurarin da ake kira tabbatattu suna gusawa sannu a hankali in an gwada su da farkon yanayi, domin shekarar taurari ta fi ta yanayi da kamar daƙiƙa 20. Abarhus na Yunan ya gano haka kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Baɗlimus ya ce daraja 1 ce a shekara 100, Battani ya ce a shekara 66, awon yau ya ba da kusan 72. Shi ya sa Sufi ya ƙara daraja 12 da daƙiƙa 42 a kan lissafin Baɗlimus kafin ya rubuta nasa. Ma'ana, Surayya, wadda muke kira Kaza da 'ya'yanta, fitowarta da asuba tana jinkiri da kamar kwana guda a kowace shekara 70 da 'yan kai. Daga zamanin Ibnu Ƙutaiba zuwa yau ya haura mako biyu.

In ka ce, to in na gyara lissafi na gaya wa manomi ya shuka ran 30 ga Mayu? Sai mu ce, a'a. Masauki yana gaya maka inda shekara ta kai, bai yi maka alkawarin ruwa ba. Wata shekara ruwan shuka ya zo kafin Haƙ'a, wata sai Zira'a ta kusa. Dattijon da yake tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta kai, yana da ilmin da babu shi a warƙa. Ka haɗa naka da nasa, ka ce in Allah ya so.

Fasali na biyar, a kan tambayar wuri

Ƙasar Kano tana kan daraja 12 arewa da tsakiyar duniya, Alƙahira tana kan 30, Fas tana kan 34. Wunin Fas mafi tsawo ya wuce sa'a 14, namu bai kai 13 ba. A Fas inuwar tsakar rana kullum arewa take faɗawa. A wurinmu rana tana tsayawa bisa kai sau biyu a shekara, wajen 22 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta da lissafin bango, a tsakaninsu kuma inuwa tana komawa kudu. Saboda haka jadawalin taku na inuwar zawali da aka rubuta domin Magrib bai dace da masallacinmu ba. Wanda ya kira Azahar ko La'asar da shi zai iya shigar da jama'a salla ba a lokacinta ba. Ka kafa sanda madaidaiciya a fili mai daidai, ka duba inuwarta har ta daina raguwa ta fara ƙaruwa, wannan ne zawali. Ka auna abin da ya rage, ka rubuta shi wata wata har shekara ta kewayo, ka sami jadawalin garinku. Farkon La'asar shi ne in inuwa ta kai tsawon sandar a bayan inuwar zawali.

Haka alƙibla. Ta mutanen Kano gabas ce mai karkata arewa da kamar daraja 22. Hanya mai sauƙi, wadda Nasiruddin Ɗusi ya ambata tun ƙarni na 7 na Hijira: rana tana tsayawa bisa Ka'aba sau biyu a shekara, wajen 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe da agogonmu, da wajen 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. Wanda ya fuskanci sashen rana a wannan sa'a ya fuskanci alƙibla.

Tanbihi. Azumi da Salla ba a tsayar da su da jadawali a mazhabarmu. Ganin jinjirin wata ne ko cika 30, sanarwa kuma ta shugaba ce. Hisabi yana taimakon mai duba ya san inda zai kalla.

Fasali na shida, a kan abin da ya wajaba ga ɗalibi

In ka gaji irin waɗannan warƙoƙi, kada ka ƙone su kafin ka kai wa wanda ya san fannin. Ka duba ƙarshensu, can ne mai kwafi yakan rubuta sunansa da na malaminsa, wani lokaci da shekara. Ka nisanta su daga laima da gara. In ba ka iya tsare su, akwai inda ake adana irinsu, kamar Gidan Arewa a Kaduna, da ɗakin karatu na Jami'ar Bayero a Kano, da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. In za ka kwafa, ka kwafa yadda ka tarar, gyaranka ka sa shi a gefe tare da shekarar da ka yi shi da sunan garinku, domin na bayanka ya san abin da zai ƙara. Ka yi hattara da lambobi, domin ɗigo ɗaya a hisabin abajada yana mai da 8 ta zama 600.

Ka karanta fannin a gaban malami, kamar yadda ka karanta Iziyya da Risala. Sa'an nan ka fita bayan gari da dare a lokacin ɗari, in ƙurar hunturu ta lafa, ka nemi Surayya da Dabaran da idonka. Ka san Zara da take fitowa bayan Magariba da Gamzaki na asuba, sau da yawa tauraro ɗaya ne, Zuhura, yana sauya lokaci. Wanda ya haddace sunaye 28 bai iya nuna ko ɗaya a sama ba, karatunsa bai cika ba.

Almajirin nan ya mai da warƙoƙinsa gafaka, mun rubuta a gefen na damina cewa a ƙara kwana 13. Allah ya jiƙan mahaifinsa da malamin da ya ba shi.

Abin da na dace a cikin wannan daga Allah ne, abin da na kuskure daga gare ni ne, wanda ya gani ya gyara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana imaninmu, ya gafarta wa marubuci da mai kwafi da mai karatu da iyayenmu da malamanmu da dukan Musulmi. Wallahu a'alamu. Tammat bi hamdillahi wa husni aunihi.